TASWIRAR TUNANI: MAGANIN KARATUN AKU GA MASU KOYON AIKIN INJINIYA

Ran Jumma'a 12 ga watan Yuli na 2024, da hantsi, benen wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji cikin garin Jos, alhali yara suna cikin aji. Mutum 22 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu 'yan makaranta, aka kuma kwashi fiye da 100 zuwa asibiti. Mazauna Ikko su ma ba su manta da ran 1 ga watan Nuwamba na 2021 ba, ranar da bene mai hawa 21 da ake cikin ginawa a Ikoyi ya zube, ya hallaka fiye da mutum 40.

Duk ran da irin wannan masifa ta auku, abin da jama'a kan fara tambaya shi ne, ina injiniyan da ya duba aikin? Dalilan rushewar gini suna da yawa, kowane gini kuwa da nasa binciken. Akwai ha'inci, akwai rowar siminti, akwai sakacin masu sa ido. Amma masana harkar ilmi sun daɗe suna nuna wani ciwo dabam wanda yake farawa tun daga aji, watau yaro ya haddace littafi kakaf, ya ci jarrabawa, ya karɓi takardar shaida, amma a kai shi bakin aiki ya kasa gane yadda wannan abu ya shafi wancan. Wannan shi ne karatun aku. Akwai wata dabara mai sauƙi da aka fito da ita domin maganinsa, ba ta bukatar kome sai takarda da fensir, sunanta taswirar tunani.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi ƙwarai. Akwai mai sayar da shanu a Agege, da mai goro a Sabon Badun, da mai gwari a Mil 12, da ɗan canji a Fatakwal, waɗanda suke tara kwabo da sisi suna aika wa ɗa ko 'ya a jami'a a gida, da fatan wata rana a ce da yaron injiniya. Shekara biyar ake yi ana wannan ɗawainiya. Ya kamata mai biya ya san irin hajar da yake saye.

ASALIN DABARAR

Wani shehun malami ne mai suna Joseph Novak ya ƙago ta tare da mutanensa a Jami'ar Kwanel ta ƙasar Amurka cikin 1972. Suna bin sawun wasu yara ne tun daga firamare, shekara da shekaru, don su ga yadda fahimtarsu ta kimiyya take sākewa. Hirarrakin da suka yi da yaran suka taru jibgi guda, har suka rasa yadda za su tace su. Sai suka shiga zana abin da kowane yaro ya sani a kan takarda ɗaya, suna ɗaura kalma da kalma da layi. Da suka duba sai suka ga zanen nan yana nuna inda yaro ya gane da inda ya ɓata hanya fiye da dogon rubutu.

Novak ya ɗora aikinsa ne a kan ra'ayin wani masanin halayyar ɗan Adam, David Ausubel, wanda ya yi bayaninsa a littattafan da ya buga cikin 1963 da 1968. Gundarin ra'ayin shi ne sabon ilmi ba ya zama a ƙwaƙwalwa sai ya sami tsohon ilmin da zai rataya a jikinsa. In bai samu ba, mutum ya iya riƙe shi da ka na 'yan kwanaki, bayan jarrabawa ya bi iska. Cikin 1984 Novak da abokin aikinsa Bob Gowin suka buga littafi a kan koyon yadda ake koyo, daga nan dabarar ta bazu cikin duniya.

YADDA AKE ZANA TA

Wanda ya taɓa ganin yadda ake zana salsalar gidan sarauta, kaka a sama, 'ya'ya a ƙarƙashinsa, jikoki a ƙasa, ya riga ya san rabin abin. Ɗalibi zai fara da tambaya guda wadda yake son amsarta, ya rubuta ta a saman takarda. Sa'an nan ya lissafa muhimman kalmomin da suka shafi tambayar, kamar 15 zuwa 25. Ya sa mafi girma a sama cikin da'ira, ƙanana su biyo baya. Ya ja layi daga wannan da'ira zuwa waccan.

To, ga inda gizo yake saƙar. Kowane layi sai an rubuta 'yar kalma a kansa wadda take faɗin dangantakar abubuwan biyu, kamar "yana jawo", ko "yana rage", ko "ya fi shi nauyi". Da'ira biyu da layinsu sai su tashi jimla cikakkiya, wadda za a iya cewa gaskiya ce ko kuskure. Ɗalibin da ya yi hadda kawai yana iya cika takarda da da'irori, amma da ya zo rubutu a kan layi sai fensir ya tsaya. Nan take shi da malaminsa za su ga inda ramin yake.

Abu na ƙarshe, wanda malamai suka fi bai wa daraja, shi ne layin da yake tsallakawa daga wani reshe na taswirar zuwa wani reshe can nesa. Wanda ya iya jan irin wannan layi, ya kuma faɗi dalili, shi ne ya fara tunani irin na injiniya.

JOS, AJI A FILI

Da wuya a sami garin da ya fi Jos dacewa da wannan darasi, domin aikin injiniya ne ya kafa shi, kuma alherin aikin da ɓarnarsa duk suna nan a fili ana gani. Tun kafin zuwan Turawa maƙera suna narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, fatake suna yawo da ita. Labarin wannan kuza ne ya jawo mutanen Kamfanin Neja zuwa tuddan Filato a farkon ƙarni na 20, suka kafa sansani a Naraguta. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos cikin 1914, aka yi ta aiki da shi har 1957, babban layi kuma ya iso ta Kafanchan cikin 1927. Saboda injunan haƙo ne kamfanin NESCO, wanda ya fara aiki cikin 1929, ya kafa tashar lantarki a kan ruwan Kurra. A zamanin yaƙin Hitila, bayan Japan ta ƙwace Malaya cikin 1942, Turawa suka yi ta ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna. Kakannin wasu masu karanta wannan shafi sun ɗauki kwanon sarki a Bukur da Barikin Ladi. Kasuwar ta yi ta ja da baya, har ta durƙushe cikin watan Oktoba na 1985 da farashin kuza ya karye a duniya.

Garin kuma gari ne na ilmi. Jami'ar Jos ta fara ne cikin 1971 a matsayin reshen Jami'ar Badun, ta tsaya da ƙafarta cikin 1975, tana kuma da tsangayar aikin injiniya mai koyar da gine-gine da hanyoyi, da lantarki, da injuna, da haƙar ma'adinai. A Jos ɗin ne cibiyar koyar da haƙar ma'adinai ta tarayya take, da cibiyar binciken ƙarafa, da hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, wanda aka kafa cikin 1971, wanda kuma ya fito da shirin tura ɗalibai masana'antu koyon aiki cikin 1973.

A ɗauka an ba ɗalibin haƙar ma'adinai tambaya a ce, me ya sa ake wanke kuza da ruwa? Mai hadda zai ce don a raba ta da yashi, ya tsaya nan. Mai taswira kuwa zai sa kuza a da'ira, yashi a wata da'ira, ya ja layi ya rubuta cewa kuza ta fi yashi nauyi. Gaskiya ne, domin in aka auna mudu da mudu, dutsen kuza ya ninka ruwa kamar sau 7 a nauyi, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Daga nan layi ya tafi zuwa ga ruwa mai gudu, wanda yake kwashe marar nauyi ya bar mai nauyi a gindin kwararo. Sai wata tambaya ta taso: kwalambait fa, wadda ita ma nauyi gare ta, take kwanciya tare da kuza? Ruwa ba zai raba su ba. Dole a buɗe sabon reshe, a kawo maganaɗisu, domin injin maganaɗisu mai ƙarfi yana jan kwalambait ya bar kuza. Ga darasin lantarki ya shigo cikin darasin ma'adinai.

Taswirar ba ta ƙare nan ba. Wanki yana bukatar ruwa mai yawa, ruwa yana bukatar famfo, famfo yana bukatar wuta, ga layi ya kai Kurra. Haƙo yana barin rami, rami yana tara ruwan sama, ga kududdufan da suka cika ƙasar Bukur da Barikin Ladi, waɗanda suke cin mutane da dabbobi, waɗanda kuma masu lambu suke ban ruwan dankalin Turawa da kabeji da su da rani. Dusar da aka zubar bayan tacewa tana ɗauke da wani ma'adini mai suna monazait, mai fitar da tururin da ido ba ya gani, wanda yake cutarwa in an daɗe tare da shi. Ɗalibin da ya ja layi daga wannan dusa zuwa ga yashin gini, ya rubuta "kada a yi gini da shi" a kai, ya haɗa darasin ma'adinai da na lafiyar jama'a a takarda ɗaya. Rashin irin wannan haɗi ba ƙaramin abu ba ne. A Zamfara cikin 2010, niƙan dutsen zinariya mai gubar dalma a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400.

DAGA SIMINTI ZUWA RAI

Haka abin yake ga mai koyon gini. Kowane ɗalibi ya san ana haɗa siminti da yashi da tsakuwa da ruwa a sami kankare, ya kuma haddace awon kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Amma taswira za ta tilasta masa ya faɗi abin da yake tsakanin ruwa da ƙarfi. Ruwa yana sa kwaɓi ya yi laushi, lebura ya ji daɗin zubawa. Ruwan da ya wuce kima kuwa in ya bushe yana barin ƙananan ƙofofi, ƙofofi suna rage ƙarfi, suna kuma ba danshi hanya ya kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren da ya lulluɓe shi. Me ya kai rodi ciki tun farko? Domin kankare gwani ne wajen jure danni amma rago ne wajen jure ja, rodi shi yake ɗaukar jan. Sa'an nan kankare ba ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi sai ya kwana 28, ana shayar da shi ruwa a kwanakin farko, saboda haka mai gaggawar cire katakon da ya tallafe shi yana wasa da rai.

Daga can wani gefe kuma ga reshen ƙasa. Nauyin bene yana bi ta ginshiƙi ya sauka a harsashi, harsashi ya miƙa wa ƙasa. Ƙasar da take kan dutse dabam, ta bakin rafi dabam, wadda aka cike tsohon ramin haƙo da ita kuma dabam. Ranar da mai gida ya zo ya ce a ƙara masa hawa ɗaya a kan tsohon gini, injiniyan da wannan taswira take cikin kansa zai bi layi daga sabon hawan har ƙasa kafin ya amsa. Wanda ya koyi darasin kankare a shekara ta uku, na ƙasa a shekara ta huɗu, bai taɓa haɗa su ba, zai iya sa hannu da zuciya ɗaya. Tun ran gini ran zane.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

'Yan Nijeriya suna da hannu dumu-dumu cikin gwajin wannan dabara. Cikin 1990 Farfesa Peter Okebukola na Jami'ar Jihar Legas, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa daga 2001 zuwa 2006, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da masu koyon ilmin halittu, inda waɗanda suka yi aiki da taswira suka fi takwarorinsu fahimta. A wannan shekara kuma shi da Farfesa Olugbemiro Jegede da wani abokin aikinsu suka nuna cewa dabarar tana rage wa ɗalibai fargabar darasi. Cikin 2006 John Nesbit da Olusola Adesope suka tattara bincike 55 da aka yi a kan mutum 5,818, suka tarar cewa a jimlace masu aiki da taswira sun fi riƙe abin da suka koya bisa ga masu karanta littafi ko sauraron lacca kawai.

A fannin injiniya kuwa, Jennifer Turns da Cynthia Atman da Robin Adams sun buga bayani cikin 2000 a kan yadda malami zai yi amfani da taswira ya auna fahimtar ɗalibi a darasi guda da kuma a kwas gaba ɗaya. Cikin 2004 wasu malamai a Jami'ar Fitsbag ta Amurka suka fito da ma'aunin ba da maki, mai duba abu uku: yawan abin da taswirar ta ƙunsa, da kyawun tsarinta, da ingancin abin da aka rubuta.

Amma fa kada a ɗauka laya ce. Cikin 2011 Jeffrey Karpicke da Janell Blunt na Jami'ar Fadu suka gwada hanyoyi biyu. Wasu ɗalibai suka zana taswira littafi yana buɗe a gabansu, wasu kuma suka rufe littafi suka rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda masu rufe littafin suka yi rinjaye. Darasin da aka ɗauka daga nan shi ne taswirar da ta fi amfani ita ce wadda aka zana da ka, littafi a rufe, sa'an nan a buɗe a gyara. Wanda ya kwafi taswirar abokinsa, ko ya haddace ta malam, ya koma gidan jiya. Daɗin daɗawa, taswira ba ta maye gurbin lissafi. Tana faɗa wa mutum cewa ruwa yana rage ƙarfin kankare, amma kaurin rodin da zai ɗauki nauyin da ake so sai an zauna an buga lissafi, an kuma shiga ɗakin gwaji an fasa kankare an gani. Ga malamin da yake da ɗalibai ɗaruruwa a aji ɗaya kuma, duba taswirar kowa aiki ne ja, shi ya sa akan raba su rukuni-rukuni su zana guda tare, su yi ta gardama a kan kowane layi. Gardamar ita kanta karatu ce.

Lokacin ma ya dace. Majalisar COREN, wadda aka kafa cikin 1970 don yi wa injiniyoyi rajista, ta karkata ga auna abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya gama, cikin 2023 kuma ta sami shiga ta matakin farko cikin yarjejeniyar Washintan, wadda ƙasashe suke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta. Hukumar Jami'o'i ita ma ta fito da sabuwar manhaja cikin watan Disamba na 2022. Duk hanyar da za ta nuna abin da yake cikin kan ɗalibi tana da muhalli a wannan sabon tsari. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna CmapTools don wannan aiki, amma inda wuta ba ta tsayawa, bayan tsohuwar kalanda da fensir sun wadatar.

RABON IYAYE

Uban da bai yi boko mai zurfi ba kada ya ce ba ruwansa. Shi ma da taswira yake kasuwanci, sai dai tasa a ka take. Mai kawo tumatir daga Arewa zuwa Mil 12 ya san in man mota ya tashi kuɗin dako zai tashi, in mota ta kwana a hanya kaya za su ruɓe, in kayan wasu sun ruɓe farashin wanda ya iso lafiya zai hau. Ba wanda ya ba shi wannan a rubuce ya haddace. Ya san abin da yake jawo abin ne, shi ya sa in sabon al'amari ya taso yake sanin inda zai dosa.

Saboda haka in yaro ya zo hutu, ko aka tura shi koyon aiki Ikeja ko Apapa ya sauka a gida, bayan an tambayi sakamakon jarrabawa sai a ƙara da wata tambaya. A miƙa masa takarda, a nuna masa abu guda, ko gadar sama ta unguwa, ko injin niƙa, ko janareton shago, a ce ya zana abubuwan da suke sa shi aiki da yadda suka danganci juna, ya yi bayani da Hausa yadda mahaifiyarsa za ta gane. In ya yi, a sa masa albarka, kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. In ya kama kawo manyan kalmomin Turanci ya kasa ɗaura su, kada a yi masa faɗa, a ce ya koma ya riƙa zana takarda guda a ƙarshen kowane babi, ya kai wa malaminsa ko abokansa su nuna masa layin da ya karkace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaron nan shi ne wata rana za a kira ya duba ginin makarantar da ƙannensa za su zauna a ciki, ko ramin da 'yan garinsu za su shiga neman abinci. Layin da ya kuskure a kan takarda ana goge shi da roba a sake wani. Wanda ya kuskure a cikin kankare ba shi da roba. Allah ya ba yara ilmi mai amfani, ya kiyaye jama'a daga sake ganin irin ranar Busa Buji.